Shawarwarin masu zuwa kabarin Konfushiyas, masanin falsafa na zamanin da, a birnin Qufu na ƙasar Sin

Abin da waɗanda suka je suka fi nanatawa shi ne a yi sammako, a fara da haikalin da aka kafa tun 478 kafin haihuwar Annabi Isa, sannan a wuce maƙabartar zuri'ar Kong, wato dangin Konfushiyas, inda kabarinsa yake, don wajen daji ne guda, kaburbura sun haura 100,000, in ƙafa ba ta da ƙarfi gara ka hau 'yar motar lantarkin da ke ɗaukar baƙi a wajen. Kar ka taka dokin ƙofa, tsallakewa ake yi, kuma in ka ga iyali na ƙona turaren tsinke gaban kabari ka ba su wuri, banda ɗaukar hoto a fuskarsu. Fasfo dole. Lokacin bikin Qingming na ziyara da sharar kaburburan kakanni, farkon Afrilu, cunkoso ba a magana, ni dai ina ganin gara a kauce masa.