Neman shawara kan ɗinka wa yara abincin wasa da yadin felt

Maman Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina da yara biyu, babbar tana da shekara huɗu, ƙaramin kuma bai cika biyu ba. Babbar ta shiga shekarun tuwon ƙasa, kullum tana neman abin da za ta zuba a 'yar tukunyarta ta raba wa mutanen gida, shi ya sa nake so in ɗinka musu abincin wasa da yadin felt. Na iya ɗinkin hannu daidai gwargwado, amma ban taɓa aiki da wannan yadi ba. Wane iri ya kamata in saya, me ake cusawa a ciki, kuma wane ɗinki ne ya fi riƙe baki? Abin da ya fi damuna shi ne ƙaramin, domin duk abin da ya shiga hannunsa sai ya kai baki.

Anti Mai Keke ta amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Shi wannan yadi ba saƙa shi ake yi ba, gashin tumaki ko zaren roba ake dannewa har ya cuɗe ya zama shimfiɗa guda, kamar na hula dara, saboda haka idan kin yanka shi bakinsa ba ya warwarewa kuma ba ya buƙatar kalmasa. Na zallan roba ya fi araha kuma launukansa sun fi haske, sai dai yana saurin tashin gashi, kuma idan siriri ne ɗinkin yakan yaga shi da zarar yaro ya ja. Wanda aka haɗa da gashin tumaki ya fi tsada amma ya fi ƙarko, kuma ni shi nake zaɓa. Kafin ki biya kuɗi, ki ɗaga yadin ki duba ta haske; idan kina hango yatsunki ta bayansa, ki ajiye shi. Mai kaurin milimita 1 zuwa 2 ya isa yawancin aikin.

Ki fara da yankan kankana, domin yana koyar da komai. Ki zana siffar a kwali ki yanke, ki ɗora a kan jan yadi ki fitar da falle biyu masu kusurwa uku, sannan ki yanko siririn fari da siririn kore na ɓawo. 'Ya'yan kankanar ki ɗinka su da baƙin zare tun kafin ki haɗa fallayen, yadda ƙullin zai ɓuya a ciki. Zaren ado yana zuwa da sili shida a murɗe, ki raba ki ɗauki biyu ko uku. Wajen haɗa baki, ɗinkin bakin bargo ya fi: ki soka allura kamar milimita 3 daga gefe, ki bi da ita ta cikin madaukin zaren kafin ki ja, ki kuma bar tazara iri ɗaya tsakanin kowane suka. Idan saura ɗan wurin da yatsa biyu za su shiga, ki cusa audugar roba irin ta filo kaɗan-kaɗan da gindin fensir, sannan ki rufe. Kada ki cika ta ƙwarai, domin cikar da ta wuce kima ita ce take buɗe ɗinki.

Malamar Nazare ta amsa:

Hajiya, tunda akwai ɗan ƙasa da shekara uku a gidan, ki ɗinka komai kamar shi kaɗai zai yi wasa da shi, saboda ba za ki iya raba kayan yaya da ƙane ba. A Amurka da ƙasashen Turai ana gwada kayan wasan yaran da ba su kai shekara 3 ba da wani ɗan bututu mai faɗin milimita 31.7, kuma duk abin da ya shige cikinsa gaba ɗaya ana ɗaukarsa a matsayin abin da zai iya shaƙe yaro. A gida kina iya amfani da kwalin da ke tsakiyar takardar banɗaki, wanda ya ɗan fi wancan faɗi. Abin da ya wuce ta cikinsa ya yi ƙanƙanta. Wannan yana nufin ki haƙura da dabino, gyaɗa da ƙananan attaruhu sai yaron ya girma.

Haka kuma ban yarda da maɓalli, duwatsun ado, maganaɗisu ko gam ba, ko da mai sayarwa ya rantse cewa gam ɗin ba ya ɓallewa, domin yawu da haƙoran yaro suna cin galaba a kan abin da hannun babba bai iya cirewa ba. Kada ki cusa shinkafa ko wake don abin ya yi nauyi, saboda suna jawo ƙwari da danshi, kuma ranar da ɗinki ya buɗe a bakin yaro za su zube. Idan za ki yi taliya, ki yanka ta gajeru ki ɗinke su wuri guda. Duk mako ki ja kowane baki da ƙarfi ki gani ko ya saki.

Kakar Yara ta amsa:

'Yata, ni shawarata a kan abin da za ki ɗinka ne. Yawancin hotunan da ke intanet na kek ne da abincin Turawa, alhali yarinyarki abin da take gani a hannunki shi take son kwaikwaya. Ki yi mata waina da farin yadi, ki bi gefenta da zare mai ruwan ƙasa kamar inda tanda ta gasa; ki yi ƙosai manya, tumatir, albasa, ayaba da soyayyen ƙwai. Za ki ji tana cigiyar mai saye tana ƙirga canji, kuma a nan ne ƙanen zai riƙa kama sunayen abubuwa.

Na ɗan saɓa da Anti Mai Keke a kan maganar tsada. Idan mai gashin tumakin ya fi ƙarfin aljihu, a ninka na roba falle biyu, zai riƙe. Ƙyallayen da tela yake zubarwa ma, idan an wanke an yayyanka su ƙanana, suna cika burodi da doya da kyau. Audugar rimi kuwa a bar ta a matashin kai, domin tana dagargajewa ta zama ƙura kuma wuta tana saurin kama ta.

Maman Biyu ta sake rubutawa:

Allah ya saka muku da alheri. Zan fara da kankana da waina. Saura tambaya ɗaya, Anti: yaya ake wanke su idan sun yi dauɗa?

Anti Mai Keke ta amsa:

Da hannu za ki wanke, a ruwan sanyi da ɗan sabulu mara ƙarfi, ba tare da cuɗawa ko murɗewa ba, domin ruwan zafi da gurzawa suna sa mai gashin tumaki ya tsuke ya canza siffa. Ki matse ruwan a cikin tawul, ki gyara siffar da yatsunki, ki shanya a kwance a inuwa inda iska take ratsawa, kuma ki tabbata cikin ya bushe sarai kafin ki mayar wa yara. Jan yadi da kore sukan zuba, saboda haka tun kafin ki yanka ki jiƙa ɗan guntu ki goga a farin ƙyalle. Idan ya bar launi, ki wanke yadin har ruwan ya fita fes kafin ki fara ɗinki.