Neman shawara: an ce yarona ya zo kita (makarantar renon yara a Jamus) da shigar bikin kanibal, ya zan yi?

Maman Auta, Kolon:
Assalamu alaikum 'yan uwa, ya sanyi? Dan Allah shawara nake nema, ku yi haƙuri zan ɗan ja zance. Watanmu bakwai da zuwa Jamus daga Katsina, yarona ɗan shekara 4 ya fara zuwa kita tun Satumba, sai kwanan nan ma ya daina kuka in zan tafi na bar shi. Toh jiya suka saka mana takarda a jaka wai ranar Alhamis 12 ga Fabrairu 2026 za su yi bikin kanibal (Karneval, bikin shekara-shekara da ake shigar ɓad-da-kama), kowane yaro ya zo da shiga ta musamman, taken bana dabbobin daji, kuma iyaye su kawo ɗan abin taɓawa. Abbansa ya ce shi hankalinsa bai kwanta ba don ya ji an ce abin coci ne, yaron kuma tun jiya ba shi da zance sai shi zaki zai zama. Na leƙa shago na ga kayan zakin Yuro 28, kayan da sau ɗaya za a sa fa. Wlh ba na so ya zama shi kaɗai ne zai je da kayan gida yana kallon yara, kuma ba na so na yi abin da bai dace ba. Waɗanda suka daɗe a nan ya kuke yi?

Hajiya, Kolon:
Wa alaikumus salam ƙanwata, sannu da zuwa. Kin faɗo a cibiyar abin ne, don duk Jamus ba garin da ya kai Kolon ɗaukar kanibal da zafi, su har kakar shekara ta biyar suke ce masa. Suna buɗe shi tun 11 ga Nuwamba da ƙarfe 11 da minti 11, amma ainihin hidimar kwana shida ce, daga wannan Alhamis ɗin da suke kira Weiberfastnacht, wato ranar mata, ita ce ranar da mata ke bin maza da almakashi suna yanke musu nakatayi a ofis. Ranar Litinin kuma Rosenmontag, babban jerin gwanon da suka fara tun 1823, ana watso alawa da cakulan daga kan motoci mutane na ihun Kamelle, wato a jefo alawa. Laraba komai ya ƙare. Na kita dai wasan yara ne kawai, rawa da fenti a fuska da ciye-ciye, zuwa azahar an gama. Abin da zan ja miki kunne a kai shi ne cikin gari ranar Alhamis ɗin, kar ki kuskura ki bi da yaro ta wajen tsohon gari ko Zülpicher Straße, tun da hantsi samari sun bugu, jirgin ƙasa ma cike yake da su. Kina ɗauko shi ku yi gida. In kuna son kallo ku fita ranar Lahadi, ranar ce ta 'yan makaranta da ƙungiyoyin unguwanni, ta fi natsuwa nesa ba kusa ba. Kuma ki koya masa kirarin bikin, Alaaf ake cewa a nan, Helau na mutanen Düsseldorf da Mainz ne, ba sa son jin ta a Kolon ko kaɗan.

Ummu Banat, Bon:
'Yar uwa ni gaskiya zan faɗa miki, maigidanki bai yi kuskure ba. Asalin abin yana haɗe da azumin Kirista na kwana 40 kafin Ista, ana cin duniya ne kafin a shiga azumin ranar Larabar toka, shi ya sa ma ranakun ke canzawa duk shekara. Eh yanzu yawancinsu ba don addini suke yi ba, na sani, amma ni zuciyata ba ta ba ni ba, nawa ba sa zuwa ranar, ina gaya wa malamarsu tun da wuri kuma ba wanda ya taɓa ɗaga min murya don kita ba dole ba ce. Sai dai ranar ba na barinsu zaune a ɗaki, fita muke yi ko na gayyato yaran maƙota Musulmi mu yi girki. Duk abin da za ki yi dai ku daidaita da Abbansa tukuna, in da hali ku tambayi malamin da kuka yarda da shi. Kar yaro ya ga Umma ta ce eh Abba ya ce a'a.

Anti Mai Reno, Esen:
Ni a kita nake aiki shekara shida, bari na faɗa miki ta ɓangarenmu. A wajenmu ba addu'a ba komai na coci a ranar, amma ki duba naku, in kitar ta coci ce ki tambaye su kai tsaye me da me za a yi, za su gaya miki. Batun kaya kuma dan Allah kar ki sayi irin mai haɗe daga wuya har ƙafa mai zif a baya, yaro ɗan shekara 4 fitsari ya matse shi kafin a zuge an makara, duk shekara sai mun sha wannan. Ban da abin rufe fuska duka, ƙananan na tsorata, ban da bindigar wasa da takobi, yawancin wurare sun hana. Wutsiya kar ta yi tsawo yara na takawa. Ki sa masa kayan canji a jaka don wasu kafin ƙarfe goma sun gaji sun ce a cire. In ba kya son a yi masa fenti a fuska ki faɗa da safe. Abin ci kuma ki yi cincin ko fanke, suna so sosai, ki rubuta abin da ke ciki a 'yar takarda, kar ki sa gyaɗa saboda masu alaji. Sannan ki tuna musu batun jelatin, alawar nan mai danƙo yawancinta da na alade ake yi.

Maman Biyu, Hambog:
Ni da ke ce wlh ba zan kashe ko sisi ba, ki sa masa babbar rigarsa ta sallah ki naɗa masa rawani ya je a sarkinsa, ai zaki ma sarkin dawa ne. Su ma su ga namu.

Yaya Babba, Düsseldorf:
Maman Biyu ki yi haƙuri, a nan kam ban bi ki ba, don ni na yi hakan kuma har yau abin na damuna. Ɗana yana aji ɗaya na sa masa shaddarsa da hula zanna bukar ya tafi yana murna, da ya dawo ya ce yara sai tambayarsa suke wai shigar me ya yi, wani ya ce aljanin cikin fitila ne. Yaran ba da mugunta suka faɗa ba, ranar kowa abin da ba shi ba ya zama, toh sai suka ɗauka shi ma hakan ne. Da sallah ta zo yaron nan ya ƙi sa kayan, ya ce shi ba zai sa kayan kanibal ya je masallaci ba, sai da Babansa ya zaunar da shi ya nuna masa hotunan kakansa da na hawan daushe a Kano kafin ya yarda. Kayanmu suturarmu ce, a kai su ranar da makaranta ta ware don al'adu, ranar za a tambaye shi cikin girmamawa. Su kansu Jamusawan yanzu suna ta muhawara kan shigar Indiyawan Amurka da masu shafa baƙi a fuska wai sun zama 'yan Afirka, toh mu kar mu kai namu da hannunmu.

Maman Biyu, Hambog:
Kai, ban kawo wannan ba sam. Na janye Yaya.

Inna, Akhen:
Ɗiyata ke da kika fito Katsina ai kin san tashe. Goma ga azumi yara su sami auduga su manna gemu, su cusa tsumma a riga su yi tumbi, gawayi a fuska, wa ya taɓa sayen kayan tashe a shago? Haka za ki yi. Ki samo riga mai hula ruwan ƙasa ko ruwan ɗorawa, ki sayi zaren saƙa ki yanka guntu-guntu ki ɗinke a bakin hular ya zama geza, kunnuwa biyu da ƙyalle, ki kitsa ragowar zaren ya zama wutsiya. In an gama ki warware ya ci gaba da sa rigarsa. Ki ɗauki mai ɗan girma yadda rigar sanyi za ta shiga ciki, Fabrairun nan ba wasa. In ɗinkin ba zai yiwu ba ki duba Kleinanzeigen, shafin intanet na saye da sayar da kayan hannu, iyaye na sayar da na bara da arha. Kuma bana kin ga ana gama nasu mu kuma azumi ya kama, sai ki ce masa namu na tafe, mu nan mukan tara jikoki a falo mu yi musu tashe.

Maman Auta, Kolon:
Allah ya saka da alheri, wlh na ji sanyi a raina. Na karanta wa Abbansa duka har da na Ummu Banat, ya ce gobe shi zai kai shi da kansa ya tambayi malamar abin da za a yi, tamu ba ta coci ba ce ta gwamnatin gari ce, in wasa ne kawai ya amince ya je amma ban da fita kallo cikin gari. Kayan sallarsa kuma suna nan a akwati. Inna akwai wata rigarsa mai hula ruwan zuma, zaren wane kala zai fi hawa da ita? Kuma ba ni da keke, da hannu zai riƙe?

Inna, Akhen:
Ruwan goro ki haɗa da ruwan ƙasa mai duhu, ƙulli biyu ya isa. Da hannu ma ya fi, ki yi da babbar allura ki ninka zaren. Ki fara yau ki turo min hoto na gani kafin ki ɗinke kunnuwan.