Tambaya kan Suzann Pettersen

Ɗan Yamai: Salamu alaikum, yayyena. Me ya ɗaukaka Suzann Pettersen, 'yar Norwe, a wasan golf?

Hajiyar Tawa: Ƙanena, gasa 15 ta ci a LPGA, wato jerin gasannin ƙwararrun mata 'yan golf na Amurka, biyu manya: LPGA Championship a 2007, Evian a Faransa a 2013.

Malam na Plato: Hajiya, a ƙara da Kofin Solheim, gasar mata tsakanin Turai da Amurka, na 2019 a Gleneagles ta Scotland. Bugunta na ƙarshe a rami na 18 ya ba Turai nasara da maki 14½ da 13½, ranar kuma ta yi ritaya.

Hajiyar Tawa: Gaskiya ne, Malam. Amma Kofin Solheim na 2015 a Jamus darasi ne: Alison Lee ta Amurka, da ke karawa da su Pettersen, ta ɗauki ƙwallonta a rami na 17, tana zaton an yafe mata bugun. Pettersen ta ce ba a yafe ba, Amurka ta rasa ramin. Kada ka taɓa ƙwallo sai abokin karawa ya furta yafewar a fili.