Ina ake samun ƙwararren mai haɗa manhaja?

Ɗan Auyo:
Salamu alaikum jama'a, don Allah ina neman shawara. Ƙungiyarmu ta manoman shinkafa ce muke son manhajar da za ta riƙe mana lissafin bashin taki, mun ba wani yaro ya yi, watansa biyu ya samu aiki a Abuja ya tafi, yanzu in ba netwok ko buɗewa ba ta yi, ga littafin ma ruwa ya jiƙa shi a damina.

Ɗan Kazaure:
Wa alaikumus salam Alhaji. Wasu ƙwararrun kamfanonin waje suke wa aiki daga ɗaki ana biyansu da dala, kuɗinmu ba ya riƙe su. Amma ka leƙa makarantar fasahar kwamfuta ta nan Kazaure, akwai yara masu hannu.

Maman Hanifa:
Hannu daban gogewa daban fa. Duk wanda ka samu, ka ce ya nuna maka aikin da ya taɓa yi wanda har yau ake amfani da shi, ka kira masu shi ka tambaya.

Ɗan Kazaure:
Haka ne Hajiya. Kuma kar a biya kuɗin gaba ɗaya, kashi-kashi, sannan kod ɗin, wato rubutun da aka haɗa manhajar da shi, a ajiye shi a GitHub, shafin intanet na ajiye kod, da sunan ƙungiya.

Ɗan Auyo:
Na gode ƙwarai, ranar Litinin zan shigo Kazauren insha Allahu.