Wai da gaske makilin na iya gyara haƙorin da ya fara zaizayewa?

Maman Biyu: Slm 'yan uwa dan Allah ku taimaka, in na sha ruwan sanyi sai in ji haƙorana sun yi tsirrr har cikin kai, ga wani fari-fari kamar alli da ya fito kusa da dasashi, ni kuma ga son zoɓo da kunun tsamiya, ga ruwan ɗumi da lemon tsami kullum da safe. Akwai makilin da ke mayar da abin da ya tafi?

Ɗalibar Haƙori: Wslm aunty, farin nan shi ne alamar farko kuma a wannan matakin ana iya ceto shi. Ɓawon haƙori kusan kashi 96 cikin 100 ma'adinai ne, kalsiyam da fosfet, da zarar tsamin baki ya kai pH 5.5 zuwa ƙasa (pH ma'aunin tsami ne, in lambar na sauka tsamin na ƙaruwa) sai su fara narkewa, yawu ne ke dawo da su a hankali, to shi sinadarin fuloraid da ke cikin makilin yana hanzarta dawowar kuma abin da ya ginu da shi ya fi jure tsami, sai wajen 4.5 yake narkewa. Ki duba jikin kwalin ki ga yawan fuloraid ɗin, 1000 zuwa 1500 ppm, ki goge sau biyu musamman kafin barci, ki tofar kawai kar ki kuskure baki da ruwa dan Allah, nan mutane ke wanke maganin. In kin sha lemon tsamin ki jira minti 30 kafin ki sa buroshi don lokacin ɓawon ya yi laushi. Amma fa in har rami ya fito ba makilin da zai cike shi, sai likita.

Baban Sadiq: Hajiya ni asuwaki da gawayi nake kuma haƙorana fes.

Ɗalibar Haƙori: Baba asuwaki kam yana cire datti sosai a ci gaba, amma gawayi kankare ɓawon yake, kuma ɓawon da ya kankare baya sake tsirowa.

Ɗan Maraɗi: Akwai wani man shafawa a haƙori, GC Tooth Mousse, daga furotin ɗin madara ake yin shi, bayan an goge ake shafawa da yatsa a bar shi, mai alajin madara kar ya taɓa. Ki kuma kula da yaranki, ƙasa da shekara 3 makilin kamar ƙwayar shinkafa ya isa kar su haɗiye, mu nan Tibiri mun ga yadda yawan fuloraid a ruwan sha ya ɓata haƙoran yara har da ƙasusuwansu.

Maman Biyu: Na gode sosai, bari in je a duba min farin tukuna kafin in sayi komai.