Fankokin lantarki za su ƙarar da jemagun 37?

Alhaji Tanko, Nima: Salamu alaikum jama'a. Wani yaro ya ce mini wai in aka kafa fankokin lantarkin nan masu aiki da iska da ake maganar kafawa a Ayitepa, can wajen Ningo, to jemagun da ke bishiyoyin asibitin sojoji na 37 a Accra sun gama yawo. Na ce masa duk wanda ya sha dumsor, wato yawan ɗauke wutar da aka yi a Ghana a 2015, ba zai tsaya yi wa jemage kuka ba. Ko na yi kuskure?

Malam Bashiru, Mamobi: Wa alaikumus salam. Ba ka yi ba, Alhaji. A Amurka, inda fankokin nan suke da yawa, an yi ƙiyasi a 2013: tsuntsayen da suke kashewa a shekara ba su kai rabin miliyan ba, kyanwa kuwa tana cinye sama da biliyan ɗaya. Wa ya taɓa kai ƙarar kyanwa?

Hajiya Rabi, Sabon Zongo: Malam, kyanwar gidanku ta taɓa kamo mikiya? Ƙananan tsuntsaye take ci, masu yawan ƙyanƙyasa. A Altamont ta jihar Kalifoniya mikiya da shaho fankokin suka yi ta sarewa tun shekarun 1980. Kuma Alhaji maganar jemage ya yi, kai ka kawo mana tsuntsu.

Malam Bashiru: To jemagen ma. Waɗanda ke mutuwa a Turai da Amurka ƙanana ne masu cin ƙwari. Namu na 37 manya ne, 'ya'yan itace suke ci, da ido suke tafiya. Mai ido zai ga abin da ya fi hasumiyar masallaci tsawo.

Ustaz Awudu, Ashaiman: Ungulu ma tana da ido, Yaya Bashiru, amma a kudancin Sifaniya ta sha mutuwa a gindin fankokin. Daga nesa sai ka ga kamar a hankali abin yake juyawa, alhali bakin fiffiken yana wuce kilomita 200 a awa. Ga shi jemage ɗa ɗaya take haifa a shekara. In an kashe uwa, ba a mayar da gurbinta da wuri.

Alhaji Tanko: Ustaz, ina 37 ina Ningo?

Ustaz Awudu: Kusa ne a wurinsu, Baba. Masu bincike sun ɗaura wa jemagun Accra na'urar bin sawu, suka ga suna iya kai irin itace har kilomita 75 daga inda suka ci shi. Ningo ba ta kai haka ba. Wannan fitar da kuke gani da magariba, sama ta yi baƙi, aiki suke tafiya. Suna cikin masu shuka mana itacen katako na odum a daji, ba a biyan su ko sidi ɗaya.

Sadiya, Madina: Ni dai wanda ya taɓa jiran motar haya ta trotro a ƙarƙashin bishiyoyin nan da farin mayafi ba zai ce ba a biyan su ba. Mu ne muke biya.

Malam Bashiru: Allah ya shirye ki, Sadiya. Amma tunda ana son jemage haka, an ƙiyasta ana sayar da sama da 128,000 a shekara a kudancin ƙasar nan don nama. Bindiga da danƙo suna nan suna aiki yau, fanka kuwa tana kan takarda. Me ya sa ba a yi ihu a kan wancan ba?

Hajiya Rabi: Wannan gaskiyarka ce, ban musa ba. Sai dai ɓarnar mafarauci ba ta ba injiniya izinin ƙara tasa. Ni abin da ya fi damuna ma bakin teku ne. Wuraren da hukumar samar da lantarki ta VRA ta zaɓa don kafa nata fankokin, Anloga da Anyanui da Wokumagbe da Goi, suna gefen tafkin Keta da Songor, waɗanda aka sa cikin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi tun 1992 saboda tsuntsayen da ke saukowa daga Turai kowace shekara. Inda iska take da kyau, nan ne masaukinsu.

Ustaz Awudu: Kuma akwai dabara. Jemagu sun fi mutuwa a daren da iska take da rauni, lokacin da fankar ma ba ta ba da wutar kirki. A Pensilbaniya an gwada hana ta juyawa sai iska ta yi ƙarfi: mutuwar ta ragu da kashi 44 zuwa 93 cikin ɗari, wutar da aka rasa a shekara ba ta wuce kashi 1 ba. A tsibirin Smola na Norway an shafa wa fiffike ɗaya baƙin fenti, mutuwar tsuntsaye ta ragu da kusan kashi 70. A Kipeto ta Kenya mutane ake ajiyewa suna duban sama, in ungulu ta doso a tsayar da fankar.

Alhaji Tanko: Ai kuwa fenti ba shi da tsada.

Hajiya Rabi: Fenti na rana ne, Alhaji. Tsayarwar dare ita ce mai cin kuɗin kamfani, kuma in ba a rubuta ta a takardar izinin hukumar kare muhalli ta EPA tun kafin a zuba kankare ba, ba mai yin ta don Allah.

Malam Bashiru: A rubuta, ban ƙi ba. Amma cewa za su ƙare, wannan yaron ya cika baki.

Alhaji Tanko: To wa zai riƙa zagawa gindin fankokin da asuba yana ƙirga gawa kafin karnuka su riga shi? Ma'aikacin kamfanin?