Neman shawara: in sayi BYD mai kuran ko in tsaya ga Toyota?

Ɗan Tawa mazaunin Yamai:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina da taksi a nan Yamai, tsohuwar Corolla, wani yaro ke tuƙa mini yana kawo kuɗin rana. Motar ta gaji, rabin abin da take kawowa garaji yake komawa. Na ɗan tara kuɗi, na haɗa da na filin da na sayar a gida, niyyata in sauya ta.

Ƙanena da ke Guangzhou a ƙasar Sin yana yi wa ƴan kasuwa sayayya ya tsaya kai da fata cewa kada in ƙara zuba kuɗina a motar esansi. Ga abin da ya turo mini: kamfanin BYD na can Sin ya sayar da motoci miliyan 3 a 2023, a 2024 suka kai miliyan 4.27. Kuɗin da ya shiga hannunsa a shekarar yuwan biliyan 777 ne, har ya wuce Tesla, kamfanin motar kuran na Amurka. Tun watan Maris na 2022 ya daina ƙera motar da ke tafiya da mai zalla. Ya ce akwai ƙaramarsu mai kuran zalla, Seagull, wajen yuwan 70,000 a can, kusan sefa miliyan 6 ke nan kafin kuɗin jirgi da duwan. A ganinsa kamfanin da ke hawa haka ba zai bar mai motarsa a rana ba, kuma nan gaba kaɗan motar esansi ba za ta ƙara sayuwa ba.

Ni kuma har yanzu ban manta layin esansi na Maris 2025 ba, lokacin da motar ta fi daɗewa a layi a kan aiki. Kuɗin nan shi ke nan gare ni, da shi nake ciyar da gida biyu. Waɗannan alƙaluma sun isa hujja? Don Allah wanda ya san kan abin ya taimaka.

Akanta a unguwar Plateau:

Wa alaikumus salam. Alƙaluman ƙanenka gaskiya ne, babu ƙari a ciki. Sai dai rabin takardar ya karanto maka, bari in karanto sauran.

Cikin motoci miliyan 4.27 ɗin nan, masu batir zalla wajen miliyan 1.76 ne. Sauran, kusan miliyan 2.5, haɗaka ne: suna da batir da ake cajawa, suna kuma da inji da tankin esansi. Wato shi kansa kamfanin da ake kafa hujja da shi, fiye da rabin cinikinsa a shekarar na motocin da ke shan mai ne. Ka riƙe wannan, don masu saye a can ma ba su saki tankin gaba ɗaya ba, alhali wurin caji ya wadata a biranensu.

Sannan ina aka sayar da su? Waɗanda suka fita wajen Sin a 2024 dubu 400 ne da ɗoriya. Tara cikin goma a gida suka tsaya. Girman kamfani a Shenzhen, inda cibiyarsa take, ba ya sa a sami fitilarsa ko madubinsa a kasuwar Katako.

Sai maganar riba, wadda ta fi damuna. Kuɗin shiga daban, riba daban. Cikin yuwan biliyan 777, ribar BYD wajen biliyan 40 ce, dalar Amurka biliyan 5 da rabi ke nan. Toyota, a shekarar kuɗinta da ta ƙare a Maris 2024, ta ci ribar kusan yen tiriliyan 5, sama da dalar Amurka biliyan 30. A 2024 rukunin Toyota ya sayar da motoci miliyan 10.8, masu batir zalla a ciki ba su kai kashi 2 cikin ɗari ba, amma haɗakarta ta wuce miliyan 4. Ba ina cewa Toyota ce ke da gaskiya har abada ba. BYD na da abin da ƴan kaɗan ke da shi: da batir ya soma a 1995, kafin ya shiga mota a 2003, saboda haka ɓangaren da ya fi tsada a motar shi ke yin abinsa. Shi ya sa yake iya karya farashi. Amma karya farashin ma na da iyaka, don a watanni uku na biyu na 2025 ribarsa ta faɗi da kusan kashi 30 cikin ɗari, bayan yaƙin rangwamen da kamfanonin Sin suka shiga.

Waɗannan lissafe-lissafe na mai sayen hannun jari ne. Kai mota za ka saya, ba kamfani ba. Tambayarka ta garaji ce da kontar gidanka.

Mai garaji a Wadata:

Ƙanena, ka saurare ni da kyau. Corolla ta lalace da hantsi, kafin azahar yarona ya dawo daga kasuwar Ferraille da piyes a hannu, da la'asar tana kan titi. Wannan shi ne arzikin taksi, ba kyan jiki ba.

An taɓa jawo mini wata mai kuran, ba zan faɗi irinta ba. Lafiyarta ƙalau a ido, fenti na ƙyalli, ledar kujera ma ba a gama ɓarewa ba. Wata ƴar na'ura ce da ke karɓar caji ta ƙone. Allon gaba duk rubutun Sin, na'urar bincikenmu ta ƙi karanta ta. Tana nan ƙarƙashin bishiyar dogon yaro har tayoyinta suka sace, ƙura ta rufe gilashi yara na rubutu a kai, ana jiran abin da bai fi tafin hannu ba ya iso. Mai ita ma'aikaci ne, yana da wata motar, ya iya jira. Kai fa?

Kuma ka sani, wutar da ke cikin batirin nan ta kai bolt 300 zuwa 400. Wayar da ka ga ruwan lemo ce, ba a kama ta da hannu kawai. Ni dai ban yarda yarana su kusance ta ba sai da wanda ya koya.

Amma kada a ce na kushe ta. Ba ta da bidanj, ba buji, ba ambirayaj, birkinta ma yana daɗewa. Ran da piyes da masu gyara suka samu a garin nan, mu ne za mu koma neman aiki.

Mai haɗa fano:

Baba mai garaji ya faɗi tasa, ni lissafin wuta zan yi.

Tsohuwar Corolla a cikin gari, a ce lita 8 a kilomita 100. Kan 499 F kowace lita, kusan jika 4 ke nan. Ƙaramar mota mai kuran na cin wajen kilowat-awa 15 a wannan tafiya, da kilim a ce 18. Ko mu ɗauka ana biyan 125 F kowane ɗaya, jika 2 ne da 250. Rangwamen a fili yake, kusan rabi, kuma taksi da ke yini a titi ita ta fi kowa cin moriyarsa. A nan ƙanenka ya yi gaskiya.

Inda gizo ke saƙar shi ne lokaci. In motarka na cin kilomita 200 a yini, tana buƙatar kilowat-awa 30 zuwa 36 kowane dare. Ramin jona wuta na bangon gida na ba da kilowat 2 zuwa 3, wato awa 10 ko fiye, wuta ba ta ƙifta ba. Ƙaramin batirin Seagull ma kilowat-awa 30 ne duka-duka, ka ga yini guda zai shanye shi. Akwai akwatin caji na kilowat 7 da ke gamawa cikin awa 5, amma sai an ƙara ƙarfin kontarka an sauya wayoyi. Ka tuna watan Afrilu da Mayu a Yamai, lokacin da kowa ya kunna kilim. Ka tuna Agustan 2023, da Nijeriya ta yanke layin da ke kawo mana wajen kashi 70 cikin ɗari na wutarmu, bai dawo ba sai Maris 2024. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 ta taimaka, ta Malbaza mai megawat 7 ma tana aiki tun 2018, madatsar ruwa ta Kandadji kuwa muna jira.

Za ka ce a sa fano. Fano mai wat 550 na ba da kilowat-awa 2 da rabi zuwa 3 a yini a rana irin tamu, sai ka jera goma sha biyu ko fiye. Wannan ba shi ne matsalar ba. Matsalar ita ce rana na fitowa daidai lokacin da taksi ke neman kuɗi, motar na dawowa gida bayan ta faɗi. Sai ka sayi wani batirin na gida ya tara wuta ya juye wa motar da dare, shi kuma kuɗinsa miliyoyi ne. Ma'aikacin da motarsa ke yini a ajiye gaban ofis, shi fano ke yi wa rana. Taksi sai dai direbanka ya yarda ya huta daga sha biyu zuwa la'asar.

Zafi kuma, batirin BYD irin wanda ake kira LFP ne, ya fi sauran jure shi. Wadda zan hana ka ita ce tsohuwar Nissan Leaf ta okaziyon, batirinta ba ya da abin sanyaya shi da ruwa, garin da ke kai digiri 45 ba nata ba ne.

Direban hanyar Tawa:

Ɗan uwa, tunda kai ɗan gida na, in tambaye ka: ran salla da wace mota za ka tahi? Yamai zuwa Tawa kilomita 550 ta, ka bi Doso, ka bi Dogon Dutsi, ka kai Ƙonni kana ka juya arewa. Kilomita 305 da sunka rubuta ma Seagull ga caji guda awon can na, ba da kilim da buhun hatsi da mutum biyar ba. In Allah ya taimake ka ka kai Dutsi. Ni dai tsawon hanyar ga ban ga inda za ka tsaya ka caja cikin rabin awa ba. Kuma batir ƙarƙashin mota yake, ka san ramukkanmu, ka san ruwan da ka kwanciya cikin unguwanni da damana.

Hajiya mai shigo da kaya:

Ɗana, ni abu ɗaya nake dubawa kafin in sayi kowane irin kaya: in na matsu gobe, wa zai karɓa a hannuna, a nawa? Corolla ko ta shekara ashirin, ka kai ta bakin kasuwa da safe, kafin yamma an taya. Wannan rangwamen da ƙanenka ke murna da shi, kai zai cuta. A Mayun 2025 kamfanin ya sare farashin wasu motocinsa da kusan kashi ɗaya cikin uku. In sabuwa na araha kowace shekara, wa zai ba ka kuɗin kirki a kan tsohuwa wadda bai san lafiyar batirinta ba?

Miliyan 6 ɗin nan kuma farashin can ne. Tun 2023 da aka rufe gadar Gaya kayanmu suka koma Lome, su ratso Burkina cikin ayari da rakiyar soja. Ka je wurin taranzitè ya rubuta maka jimilla a takarda, jirgi da hanya da duwan, kafin ka tura ko dala. Motar da aka ƙera don kasuwar Sin, aka fito da ita ta hannun ɗan kasuwa, garantinta ba ya biyo ta. Kada ka yi cinikin biri a sama da kuɗin fili.

Ɗalibi a jami'ar Abdou Moumouni:

Iyayena, ku yi mini afuwa, amma in kowa ya ce sai wani ya fara, yaushe za a fara? Habasha ta hana shigo da motocin mai tun farkon 2024, ga su nan suna tafiya. Mu da muke da rana fiye da kowa, bai kamata a bar mu a baya ba.

Akanta a unguwar Plateau:

Ƙanena, Habasha ta gina madatsar ruwa mai ba da megawat sama da 5,000, kuma duk litar man da take sha da kuɗin waje take sayowa. Mu muna da matatar SORAZ a Damagaram tun 2011, ganga 20,000 a rana, wutar ce muke sayowa. Lissafinsu ya juya namu. Ina tare da kai cewa a fara, amma masu farawa su zama kamfanoni da ma'aikatu masu motoci da yawa da filin jera fano, waɗanda in ɗaya ta tsaya ba a kwana da yunwa. Ba mai taksi ɗaya ba.

Ɗan Tawa mazaunin Yamai:

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara girma. Na tura wa ƙanena duk abin da kuka rubuta. Ya ce to a bar Seagull, a duba haɗaka. Baba mai garaji, tsakanin haɗakar BYD da ake cajawa da ta Toyota wadda ba a cajawa, wacce hannunku ya fi sabawa da ita?

Mai garaji a Wadata:

Ta Toyota, nesa ba kusa ba. Prius tun 1997 take, Corolla da Yaris ma akwai haɗakarsu, okaziyonsu na shigowa daga Turai, kuma ƙafafu da birki da yawancin kayan jiki ba baƙinmu ba ne. Ba ruwanta da kontarka, birki da inji ke cika mata batir. A cunkoson Yamai, tsaya-tafi tsaya-tafi, nan take nuna kanta, za ka ga lita 5 inda tsohuwarka ke shan 8.

Abin da ke kashe ta a garin nan ƙura ce. Akwai wata ƴar fanka a gefen kujerar baya da ke hura wa batir iska. In ka buɗe ta bayan hunturu za ka tarar ta toshe da ƙura da zaren tufafi, batir na dahuwa mai mota bai sani ba. Ka gaya wa yaronka kada fasinja ya jingina kaya a bakin ramin, a riƙa share shi duk lokacin bidanj. Kuma in ka sami wadda ta kwanta maka, kada ka biya sai an sa na'ura an karanta ɗakunan batirin ɗaya bayan ɗaya, ana tafe ana dubawa, kilim a kunne. Kawo ta da safe kafin garaji ya cika.